Kalangu a Buhu, Gero a Ƙasa

A tashar Mai'adua, Maharazu manomi yana jiran mota kusa da wani baƙo mai buhu a cinya.

"Sau biyu ina binne gero, ruwa shiru," in ji Maharazu. "Zunubi ne. Har makaɗan ƙauyenmu muka kora."

Baƙon ya ce, "A rediyo na ji wani teku ne ke ɗumama duk bayan 'yan shekaru, ya hana ruwan sama. Har shinkafar Indiya ta ƙone."

"Ina teku, ina Daura? Mece ce sana'arka?"

Baƙon ya buɗe buhu, sai ga kalangu. "Mu ma korarmu aka yi. Ranar da muka tsallaka Nijar, ruwa kamar da bakin ƙwarya."

"A garinku?"

"A'a, a Nijar."

Maharazu ya waiwaya, ya rage murya. "Malam, ran Juma'a kana da aiki?"