Riɗin da Baba Ya Kifa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanka da aiki. Ni ce Sa'adiyya daga Ƙala'at an-Nahal.

Marigayi babana tela ne a kasuwar Gadarif. Yana saurayi, shi da abokansa suka shirya wasan barkwanci kashi ɗaya, suka kai gidan talabijin a gwada. Ba a karɓa ba. Bana ƙanena ya tono kaset ɗin, ya sa aka juye mana a waya.

Muka tara maƙwabta, aka dafa jabana, wato gahawa. A wasan, Baba ya yanki riɗi, ya jingina dammuna kai ƙasa, suna bushewa ƙwayar ta zube. Manoma suka yi ta dariya har da hawaye. Matasa suka ce wasan ya yi sanyi, gara da aka ƙi shi. Kawuna ya ce ƙarya ta yi yawa, ba mahalukin da zai kifa riɗi.

Sai Inna ta ce, "Akwai shi. Haka marigayi ya yi a gonar mahaifina da ya zo neman aurena. Mahaifina ya ce duk mai ɓarna da irin wannan himma ba zai bar ni da yunwa ba." Ta goge ido, ta ce a mayar mata wurin da ya kifa riɗin ta sake gani.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ƙanena yana so ya watsa shi duniya ta gani. Ni kuwa ina tsoron baƙo ya ce Baba bai iya ba, Inna ta ji.