Sagir Yana Gumel

A tashar Tudun Wada, muna jiran mota ta cika, wani dattijo ya miƙa wa matar da ke kusa da shi wayarsa.

"'Yata, wannan dodon koɗin da ke bayan sunan ɗana, yaya sunansa?"

"Ba dodon koɗi ba ne, Baba. Harafin a ne da wutsiyarsa ta kewaye shi. Turawa na ce masa at."

"Me yake nufi?"

"Yana nuna inda za a sami mutum."

"Alhamdu lillahi, haka maƙwabcina ya ce. Tun da Sagir ya tafi neman aiki bai faɗa mana inda yake ba, sai jiya ya turo wannan. Kin gani, Sagir, a Gumel. Can zan bi shi."

Matar ta sake duba wayar.

"Baba, Jimel aka rubuta, ba Gumel ba. Adireshin imel ne, ba gari ba ne. Ni ma ina can, kusan kowa yana can."

"Ke ma? To kin taɓa ganinsa?"

"Ba a ganin kowa a can. Saƙo kawai ake ajiyewa."

Dattijon ya gyaɗa kai.

"Na san irin garin. Namu ma yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga, suna ne kawai ya rage. To ajiye masa saƙo. Rubuta sunan uwarsa, Delu, ki sa alamar nan, sannan ki rubuta gadon asibiti."