Mai Goge Benci Bayan Ta Tashi

A ɗakin jira na asibiti, wani direba da ya zo karɓar magani ya ga wata dattijuwa ta tashi, ta jiƙa tsumma da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ta goge inda ta zauna.

"Mama, ai kin yi ta baibai. Kafin a zauna ake gogewa."

"Masu gudun ɗauka ke nan, ɗan nan. Ni gudun bar wa wani nake yi."

Ya matso zai zauna.

"Dakata ya bushe da kansa. Likita ta ce in bai jima a jiƙe ba, aikin banza ne."

"To, me za ki bar mana?"

"Maigidana ke kwance ciki, cutar nan da ke yawo. Ni na yi jinyarsa, ban san abin da hannuna ya kwaso ba. Maƙwabta ko sallama sun daina yi mana."

Direban ya dubi ƙofar fita, ya dubi yatsunta da bilic ya tsattsaga. Ya tsaya har bencin ya bushe, sannan ya zauna.

"Yaya mai jikin?"

Ta daɗe tana ninke tsumman.

"Da sauƙi. Tun da ya kwanta, kai ne ka fara tambaya."