Matuƙan da suka buɗe littafi a sama

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan aiki na tafiya lafiya. Sunana Nasiru daga Gumbin Kure, bara na gama digiri.

Talatar da ta wuce na hau jirgin sama karo na farko, zan kai mahaifiyata Abuja aikin ido. Muna dab da sauka sai jirgin ya sake yin sama. Matuƙin ya ce faifan bayan fiffike, mai rage gudu, ya ƙi buɗewa, za su yi shawagi su bi littafinsu layi-layi.

Wani Alhaji mai albasa daga Aliero ya juyo ya ce min, "Littafi? Ɗana, sai yanzu za shi koyon tuƙin?"

Inna ta damƙe hannuna, ta ce in faɗa mata gaskiya. Ni ma ban san gaskiyar ba, agogo kawai nake kallo. Bayan minti ashirin da shida matuƙin ya ce za mu sauka da gudu fiye da kullum, za mu ga motocin kashe gobara, kada mu tsorata. Yadda ya faɗa haka aka yi, ko ƙwarzane babu.

Daga baya na bincika. Ƙa'idarsu ce: matuƙan su biyu ne, ɗaya na tuƙi, ɗaya na karantowa, don kada firgici ya sa a tsallake mataki. Allah ya saka musu da alheri.

An yi aikin, Inna na gani. Ta ce a jirgi za ta koma, tana son kujerar taga. Ni kuwa har na tambayo inda ake lodin motar Jega, hanyar garinmu. Jama'a, wace shawara za ku ba ni?