Bindigar Baba da Kafaɗata

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ina gaishe ka daga Deira, nan Dubai, inda nake ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar.

Mahaifina shi ne sarkin bakan ƙauyenmu, kuma ya tsufa. A al'adarmu, magajin sarkin baka sai ya harba bindigar ubansa a gaban maharba ranar buɗe daji. Bindigar Baba tana dukan kafaɗa sosai. Ni kuwa ɗaukar kwalaye ta kashe mini kafaɗar dama, ko hannu ba na iya ɗagawa sama. Ban gaya masa ba.

Ranar hutu na je filin koyon harbi, aka ba ni bindiga da wani ƙaramin harsashi da maharba ke yayi. Na gwada shi a tsanake. Ba ya dukan kafaɗa, hannu ba ya rawa, kuma inda na auna nan yake sauka. Na ɗauka na sami mafita, na buga wa Baba waya, na ce da wannan harsashin nake so in yi harbin.

Ya yi dariya, ya ce, "Ɗan nan, wannan ai na barewa ne. Gadu zai gudu da shi a jiki, gobe ya dawo ya tone mana rogo. Tawa za ka riƙe."

Na ce to.

Masu sauraro, musamman maharba, ku ba ni shawara, ko da yake ban ga hanya ba. Baba ya riga ya gaya wa mutane ina nan tafe bana.

Ina gaida abokan aikina na unguwar Sabkha, nan Deira.