Shafin da Ya Tafi da Zanen Yayana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Habu, direba daga Dingaya.

Ni da yayana marigayi muna sha'awar mayar da tsohon firji injin ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Shi ne gwanin haɗa wayoyi. Duk abin da ya gano sai ya zana, ya ɗauki hoto, ya sa a wani shafin intanet. Yakan ce, "Habu, ka sauke su a wayarka mana." Ni kuma in ce, "Haba Yaya, abin da ke intanet ina zai je?"

Da daminar bana injinmu ya daina ɗumi, ga ƙwai a ciki. Na nemi shafin, aka ce an rufe shi. Ƙwan suka lalace. Wallahi ba su ne suka dame ni ba, ji na yi kamar mun sake binne Yaya.

Jama'a, ku riƙa sauke abinku kuna bugawa a takarda. Wanda kuma ya ajiye zanen nan, don Allah ya turo wa shirin nan. Ko hoto ɗaya ne, rubutun hannunsa nake so in sake gani.