Yaye Bai Ƙare Ba

Kuɗin motar da ya kai ni Legas akuya ce. Ja ce mai farin goshi, ita da ɗanta kaɗai suka rage mini bayan an raba gadon kakanku Malam Sale, Allah ya jiƙansa. Alhamis ɗin da ta biyo bayan fitata takaba ƙanena ya ja ta zuwa kasuwar Maigatari, wani mutumin Damagaram ya saya, ya biya da sefa, sai da aka canja. Ɗan akuyan ya kwana yana kuka a turke. Ku riƙe maganarsa, za ta dawo. Ku kuma ci gaba da gyaran zoɓon nan, ai da kunne ake ji, ba da hannu ba.

Uwarku, ke Safiya da ke Hauwa, lokacin ba ta cika shekara biyu ba. 'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba, yau ma. Ku na yanzu dariya kuke yi wa wannan. Mu a Ɗanzomo, in aka ga mace ta dubi 'yar farinta sau biyu a gaban mutane, to an sami abin faɗi a bakin rijiya. Lokacin yayenta ya yi, yaye kuwa wajen kaka ake kai yaro ya ɗan zauna har ya manta nono. Uwata ta rasu, uwar Malam ma haka. Sai yayarsa, Yaya Rakiya, ta zo daga nan Gagarawa Tasha ta ce ai ita ce kakar yanzu.

"Kawo ta, Hajara. Je ki ci raninki. Kafin ruwan farko ki dawo ki ɗauki abarki."

Ta goya ta, ta hau babur. Ni ina cikin ɗaki ban leƙa ba, don kada a ce na leƙa.

Wata mata 'yar Gumel mai kai mata aikatau ita ta sama mini gida a wata unguwa da ake kira isteti, inda kowa ya yi katanga kamar yana gaba da maƙwabcinsa. Matar gidan Bayarabiya ce, ta tashi a Kaduna, tana jin Hausa daidai faɗa. Madam ake ce mata. Ni kuma nani, wato mai reno. Ɗanta Tobi watansa bai fi huɗu ba. Abincinsa wani gari ne na kwali wai siriyal, wanda ko tsaki ya fi shi auki. Kayan shafarsa kuwa sun isa a buɗe shago a Sule Tankarkar. Amma yaro kuka yake yi daga safe har yamma, don ba wanda ya taɓa goya shi. Na sami zane na ɗora shi a baya, ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Madam ta dawo daga ofis ta same mu.

"Hajara, wa ya ce ki ɗaure mini ɗa kamar kayan wanki?"

"Shi ya ce, Madam. Tun safe yake faɗa."

"Ga kekensa can, daga Landan aka kawo."

"To a kira Landan su zo su rarrashe shi."

Ta ce sai ta yanke mini albashi. Na kwance shi na miƙa mata. Ya buɗe maƙogwaro. Ba ta kai ƙofar falo ba ta dawo mini da shi, har da zanen.

Ranar da bakin Tobi ya buɗe, ni ya duba ya ce Mama, uwarsa na tsaye da makullin mota a hannu. Ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta. Na ji tausayinta ƙwarai. Ban san ana dafa mini irin wannan tuwon a gida ba.

Ruwan farko ya sauka ban dawo ba, don Madam ta ce in na tafi wata za ta ɗauka. Sai wata babbar Sallah, bayan damina biyu, ta sake ni. Na iso da jaka cike da 'yan riguna da wani takalmi mai walƙiya in an taka. Tsakar gidan Yaya cike da mata ana suyar nama. Yarinya tana tsaye bakin ƙofar ɗaki, goshin Malam sak. Yaya ta kira sunanta, ta ce, "Zo ki gaida baƙuwar Legas."

Ta zo ta durƙusa. "Baƙuwa, ina wuni."

Ta tashi ta koma ta ɓuya a zanen Yaya tana cewa Inna. Mata suka yi dariya, aka yabi tarbiyya. Ni me zan yi? Uwar 'yar fari ba ta miƙa hannu a gaban dangin miji, ba ta cewa ni ce. Yaya ta san haka sarai. Ba ta sayi igiya ba, da kunyata ta ɗaure ni.

Da mutane suka ragu na same ta a ɗaki.

"Yaya, na zo ɗaukarta."

"Yaye bai ƙare ba."

"Yaya, ta kusa shekara huɗu."

"An ce mini ɗan akuyarki ya kwana yana kuka kika ce a ba shi dusa. Taki ma ta yi kuka, ni na riƙa tashi. In yaye ya ƙare zan gaya miki."

Na kai magana wajen baffan su Yaya, ya ce 'ya ta dangin uba ce, kuma ba a kai marainiya Legas. Na koma. Duk Sallar da na zo na tambaya, amsar ɗaya ce, yaye bai ƙare ba. Har yarinya ta shiga makaranta ta fito. Har aka sa mata lalle. Gadon aurenta da kwanukanta da katifarta duk daga bayana suka fito, bayan da ya goyi ɗan wata. Mata na shiga ɗakin amarya suna cewa Rakiya ta yi ƙoƙari. Ni ina zaune a tabarmar baƙi, aka miƙo mini goro.

Kafin nan Tobi ya tafi makarantar kwana, na bar gidan Madam na kama ɗaki a Agege ina sayar da tuwo. Mai gidan wani tsoho ne da muke kira Baba Landilo. Kullum sai ya sauko da ɗan tawul a wuya.

"Mama Tuwo, hayaƙinki ya ɓata mini fenti."

"Baba, fentin nan tun kafin a haife ni ya yi ritaya."

"Zan ba ki notis ki bar mini gida."

"Ba ni. Miyar kukar da kake aiko jikanka ya karɓa ita ma zan ba ta notis."

Ya haura sama. Notis ɗin nan har na bar Legas bai gama saukowa ba.

To ana nan, wata rana waya ta yi ƙara, sai na ji muryar Yaya. Autanta Nura, wanda ta ƙi yaye shi sai da aka yi mata surutu, wanda ko gona ba ta so ya yi nisa, ya dage sai ya zo Legas ya yi acaɓa. Ba su san kowa ba sai ni.

"Hajara, ga ɗanki nan zuwa. Ki riƙe shi amana."

Ita da bakinta ta ce ɗanki. Na ajiye wayar, na zauna a kan turmi, na daɗe ina kallon wuta. Ban yi murna ba. Abin da na ji ya fi murna sanyi.

Ku kula da kyau, don nan ne ilimin yake. Ban taɓa zagin uwarsa a gabansa ba, ko sau ɗaya. Mai zagin uwar wani tura shi gida yake yi. Ni ce ma nake cewa, "Nura, ka kira Yaya kuwa? Ka aika mata na goro?" Na ware masa kwano, na san yana son ƙanzo, na san ba ya cin kuɓewa. Da aka kama masa babur ni na rufe tukunya na je na yi ta ba da haƙuri. Da mota ta buge shi ya karye a cinya, ni na yi jinyarsa har ya taka, na yi masa abin da uwa kaɗai take yi ba ta toshe hanci ba. A cikin jinyar nan ne ya daina ce mini Gwaggo. Ya juyo ya ce, "Inna, ba ni ruwa." Na ba shi. Ke Hauwa kina tambaya ko ina sonsa. Ina sonsa mana. Wa zai wanke ɗa ya ciyar da shi bai so shi ba? Abin da Yaya ta koya mini ke nan, cewa ana iya ƙwace ɗa da so.

Na aura masa Bilki, yarinyar da take taya ni tuƙa tuwo, marainiya ce ita ma, a hannuna ta koyi komai. Da gwiwoyina suka fara ƙara na tattara na dawo. Mutane suka ce in gina a Ɗanzomo kusa da dangina. Na ce a'a, iskar Tasha ta fi karɓata. Na sayi wannan fili, ƙofa na kallon ƙofar Yaya, hanya ce kawai tsakani.

Bilki ta haifi mace, Nura ya sa mata sunan uwarsa, kamar yadda ya kamata. Suka yi mata laƙabi da Ummi, don ba a kiran sunan babba gatsal. Da yaye ya zo Nura ya aiko cewa suna tafe. Ina kallon Yaya daga zaurena. Ta sa an share gida, ta sayi 'yar tabarma da ɗan kofi, ta yanka kaza, ta gaya wa duk matan layi jikarta takwararta na zuwa. Babur ya tsaya a tsakiyar hanya. Bilki ta sauko da goyo, ta shiga ta gaida surukarta da ladabi, suka ci kazar. La'asar na yi ta fito ta tsallako, ta kwance goyon a cinyata. Ban roƙa ba. Ita ce ta ce ba ta san hannun kowa ba sai nawa. Nura ya dubi ƙasa ya ce, "Ai duk ɗaya ne, gida biyu ne kawai." Suka koma Legas.

Yaya ta yi fushi ta ƙi tsallakowa. Fushin nan ya yi mini aiki fiye da boka. Kafin ta huce yarinya ta san bayana, ta san kununa, ba ta barci sai ta riƙe mini kunne. Ranar da Yaya ta shigo, mata na nan tsakar gida muna gyaran zoɓo kamar yau. Ta yi sallama, ta tsaya da alewa a hannu. Na ɗaga murya yadda za a ji har bakin titi.

"Rakiya, fito ki gaida baƙuwa."

Tun da ta aurar da 'ya ba wanda ya kira sunan nan ba tare da ya sa Yaya ko Inna a gabansa ba. Ta juyo kamar ita aka kira. Yarinya ta fito tana tangaɗi, ta ga baƙuwar fuska, ta ruga ta shige zanena. Ba wadda ta yi dariya. Matan nan da yawansu suna wurin suyar naman nan, kuma mata ba sa mantuwa. Yaya ta ajiye alewar a kan turmi ta fita.

Bayan kwana biyu ta dawo, uwarku na biye da ita, Safiya a bayanta. Yaya ce ta aika aka kira ta daga gidan mijinta. Yaya ta tsaya a tsakiyar gidan nan, inda tukunyar can take, ta ce mata, "Ga uwarki nan. Ita ta haife ki, ita ta yi miki gado da kwano. Ni riƙo na yi, na wuce gona da iri. Gaishe ta."

Ta durƙusa. Ta ce, "Inna, ina wuni."

Ban amsa ba. Na juya fuska na dubi bango, na ja mayafi, kamar yadda uwar 'yar fari take yi. Duk wadda ke wurin ta gane. Baƙuwa ce ke amsa gaisuwa da fara'a. Abin da aka hana ni ke nan tun tana goye, in ji kunyarta a gaban mutane a san dalili.

Yaya ta jira har na gama. Sannan ta miƙa hannu wajen 'yar ƙaramar, ta ce, "To, Hajara. Ni kuma fa?"

Na ce, "Yaye bai ƙare ba, Yaya. In ya ƙare zan gaya miki."

Ga ta nan zaune tana ɓata mini zoɓo, bana za ta shiga sakandare. Kada ki turo mini baki, kin sha jin labarin. Rakiya, tashi ki zuba tuwo a kwanon nan mai murfi ki kai wa baƙuwarmu ta ƙetaren hanya, ki sa mata nama mai laushi, haƙoranta sun tafi. Ki durƙusa ki gaishe ta da kyau. Ki dawo gida kafin magariba.